Keke da Tudu a Karkarar Toskana

Tsakanin birnin Fulorans da birnin Siena, ta tsohuwar hanyar da ta ratsa yankin Chianti, tazarar kimanin kilomita 70 ce. Wanda ya saba tuƙa keke a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai ji haka ya ce kafin azahar ya isa. Sai dai Fulorans tana kwance ne a bakin kogin Arno, wajen mita 50 sama da teku. Kafin a kai garin Greve an hau an sauka. Daga Greve a hau Panzano, kusan mita 500, a gangara kwarin kogin Pesa, a sake hawa Castellina mai mita 578, sannan a nufi Siena, wadda ita ma a kan tuddai uku take zaune. Idan aka tara hawan da ƙafa ta yi a wannan yini, ya haura mita 1,000. Shi ya sa masu yawon keke a Italiya ba su cika tambayar kilomita nawa ba. Abin da suke fara tambaya shi ne hawan mita nawa ne.

Ƙasar ce haka. Kashi 23 cikin ɗari kawai na Italiya ne fili shimfiɗaɗɗe, kuma mafi yawansa yana arewa, a kwarin kogin Po. Sauran duwatsu ne da tuddai, tuddan ma sun fi yawa. A lardin Toskana kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar tudu ne. Duk da haka, kowace shekara mutane daga Jamus da Holan da Ingila da Amurka suna biyan kuɗin jirgi su zo su yi gumi a kan waɗannan tuddai, alhali ga mota, ga jirgin ƙasa. Abin da nake son mu duba shi ne abin da suke samu a cikin wannan wahala, da abin da ƙauyukan da suke ratsawa suke samu daga gare su. A ganina amsar duka biyun tana cikin tudun kansa.

Mu fara da jiki. Mutum da kekensa da kayansa idan suka kai kilo 100, ɗaga su mita 1,000 yana cin ƙarfin da ya yi daidai da kalori kusan dubu na abinci, ban da abin da iska da gogar taya suke ci. Matafiyi mai matsakaicin ƙarfi, wanda ba ɗan tsere ba, yakan hau mita 300 zuwa 400 a awa ɗaya idan yana ɗauke da kaya. Ke nan yinin da ke da hawan mita dubu ya riga ya cinye awa uku a hawa kaɗai. Hanya mai gangaren kashi 5 cikin ɗari, wato ana hawa mita 5 a kowace tafiyar mita 100, ana iya daɗewa a kanta ana hira. Ta kai kashi 10, hira ta ƙare. A Toskana akwai gajerun hawa masu kashi 15 zuwa sama, musamman a bakin ƙofar gari, daidai lokacin da ƙafa ta riga ta gaji.

Tuddan nan ba su da tsawon duwatsun Alps, inda mutum zai shafe awa biyu yana hawa ɗaya sannan ya huta a gangara mai tsawo. Nan hawan gajere ne, amma ba ya ƙarewa: kilomita biyu sama, kilomita biyu ƙasa, a tsallake ɗan rafi, a sake farawa. Wannan ne ke karya baƙo a rana ta biyu ko ta uku. Maganinsa giyar keke mai laushi, wadda feda za ta riƙa juyawa da sauƙi ko da keken yana tafiyar da ba ta fi ta mai gudu-gudu ba, da kaya marasa nauyi, da birki mai kamawa, domin gangara da kaya a bayan keke ta fi hawa haɗari. Kuma babu abin kunya a sauka a tura. Manoman da suka fara bin waɗannan hanyoyi da ƙafa suka bi su, suna kora shanu.

To me ya sa garuruwan suka ƙi zama a kwari? Tsaro ne na farko. Ƙarni bayan ƙarni Fulorans da Siena suna gaba da juna, kuma yankin Chianti ne fagen da suke gwabzawa. Siena ta gina Monteriggioni a farkon ƙarni na 13, gari mai ganuwa da hasumiyoyi 14 a kan tudu, don ta sa ido a kan hanyar da maƙiya za su biyo. A 1260 rundunonin biranen biyu suka haɗu a Montaperti, Siena ta yi nasara. Da Siena ta faɗi a 1555, waɗanda suka ƙi miƙa wuya sun koma Montalcino, suka riƙe garin har 1559, kuma duk wanda ya taho da keke daga Buonconvento ya hau mita 400 da ɗoriya kafin ya ga ƙofar Montalcino zai fahimci yadda aka yi suka daɗe haka. Dalili na biyu zazzaɓin cizon sauro ne. Kwarurruka irin su Val di Chiana da gaɓar Maremma fadamu ne a da, kuma mutane sun lura cewa mai kwana a tudu ya fi mai kwana a fadama lafiya tun kafin a san sauro ne ke kawo cutar. Saboda haka kusan kowane yini na matafiyin keke a Toskana da hawa yake ƙarewa. Masauki yana sama, abinci yana sama.

A nan ne keke ya fi mota. Mai mota yana isa Montepulciano ko Radicofani ya ajiye motarsa ya ɗauki hoto, bai san abin da tsayin wurin yake nufi ba. Mai keke ƙafarsa ta gaya masa. Ya san dalilin da ya sa hanya ta kewaya maimakon ta miƙe, ya lura da inda gonar inabi ta ƙare daji ya fara, ya ji sanyin da ke cikin kurmi da zafin da ke bugowa daga farar ƙasa. Kudu da Siena, a yankin da ake kira Crete Senesi, ƙasar yumɓu ce mai launin toka, ragowar tsohon teku, babu itatuwa sai alkama da tumaki da zaizayayyun kwazazzabai. Ɗan gaba kaɗan sai kwarin Orcia, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, da dutsen Amiata mai mita 1,738 tsaye a bayansa. A mota, minti ashirin ya raba waɗannan wurare. A keke rabin yini ne, kuma ido yana da lokacin ganin yadda ɗaya ke rikiɗewa ya zama ɗaya.

Kyan da ake zuwa kallo ɗin nan, hannu ne ya yi shi, kuma wannan ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. Tun kusan ƙarni na 13 har tsakiyar ƙarni na 20, ana noman Toskana ne bisa tsarin raba amfani. Mai ƙasa, wanda galibi a birni yake zaune, ya ba iyali gona da gida a tsakiyarta, su yi noma, a raba abin da aka samu biyu. Da yake iyalin daga wannan gona za su ci su sha su yi sutura, sai suka shuka komai a wuri ɗaya: alkama, inabi, zaitun, ɗan lambu, ɗan kurmi na itacen wuta. Gidajen dutse da ake gani ɗaiɗai a kan kowane tudu, da layukan dogayen itatuwan cipresso sirara da ke raka hanya zuwa ƙofar gida, da ƙananan hanyoyin da suka haɗa gona da gona, duk gadon wannan tsari ne. A fadar gwamnatin Siena akwai zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi a 1338 zuwa 1339 kan kyakkyawan mulki da mummuna, kuma karkarar da ya zana a ciki, da gonakinta da jakunanta da matafiyanta, mai keke zai gane ta yau.

Rayuwa ce mai tsanani. Manomi yana cikin bashin mai ƙasa, ba ya da tabbacin za a bar shi a gonar baɗi. Da masana'antu suka buɗe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarun 1950 da 1960, iyalai suka kwashe suka nufi birane, gidaje suka zama kufai. A 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar raba amfani. Wasu gonakin makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka saye su, suka zo da tumakinsu, kuma da yawa daga cukun da ake sayarwa a Pienza yau daga garkunan zuriyarsu yake fitowa. Wanda ya tsaya a inuwar ɗaya daga cikin gidajen nan yana shan ruwa, ya kamata ya san cewa waɗanda suka gina wannan kyau ba su ci moriyarsa ba.

Hanyoyin da manoman suka bari su ne ake kira fararen hanyoyi. Kamar hanyar burjinmu suke, sai dai tsakuwar fara ce maimakon ja, kuma ƙurarta tana mayar da mutum fari fat da rani. Shekara da shekaru hukumomin ƙauyuka suna ɗaukarsu alamar ci-baya, kowa na neman kuɗin da zai zuba musu kwalta. A 1997 wani mutumin Gaiole in Chianti, Giancarlo Brocci, ya shirya hawan keke a kan waɗannan hanyoyi, ya sa masa suna L'Eroica. Mutum 92 suka fito a karon farko. Yau dubbai ne ke taruwa a farkon Oktoba daga ƙasashe da yawa. Sharaɗin shiga shi ne tsohon keke na ƙarfe, ƙirar 1987 ko kafin nan, mai hannun canja giya a jikin firam, kuma mafi yawansu rigunan ulu irin na da suke sawa. Masu doguwar hanya, mai kilomita 209, tun da asuba suke tashi, su hau tudun fadar Brolio cikin duhu da hasken kyandir a gefen hanya, su bi ta Montalcino da Asciano su dawo bayan faɗuwar rana.

Wani zai ce wasan manya ne masu kewar ƙuruciya. Akwai wannan a ciki. Amma tun farko manufar ita ce a hana kwalta cinye hanyoyin, kuma ta yi tasiri. An kafa alamomi a kan hanyar L'Eroica ta zama ta dindindin, kowa na iya bin ta a kowane lokaci, ya raba ta kwana uku ko huɗu. A 2007 aka fara tseren ƙwararru a kan hanyoyin, wanda yanzu ake kira Strade Bianche, ana yin sa a watan Maris, yana ƙarewa da hawan titin Santa Caterina mai gangaren kashi 16 kafin a faɗa dandalin Campo na Siena. Fabian Cancellara ya ci shi sau uku, har aka sa sunansa a kan Monte Sante Marie, wani yanki na tsakuwa mai kilomita 11 da rabi kusa da Asciano. Tadej Pogačar ya ci a 2022 da 2024 da 2025. Abin da ƙauyuka suke jin kunyarsa a da, yanzu shi duniya ke kallo a talabijin, kuma shugaban ƙaramar hukumar da ya ce zai zuba masa kwalta sai ya yi bayani.

Ba za a yi maganar keke a Toskana a tsallake Gino Bartali ba. An haife shi a 1914 a Ponte a Ema, gefen Fulorans. Ya ci tseren zagaya Italiya a 1936 da 1937 da 1946, ya ci na Faransa a 1938 da 1948. Tsakanin waɗannan shekaru akwai yaƙi. A 1943 da 1944, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye tsakiyar Italiya, Bartali ya riƙa fita da kekensa da sunan atisaye, daga Fulorans har Assisi a lardin Umbria, da takardun shaida na jabu a naɗe cikin bututun firam da ƙarƙashin sirdi, waɗanda Yahudawan da ke ɓoye suke buƙata don su tsira. Sunansa ne ya riƙa buɗe masa shingayen sojoji. Bai yi ta yaɗa labarin ba har ya rasu a 2000, sai a 2013 cibiyar Yad Vashem, mai tunawa da Yahudawan da aka kashe a lokacin yaƙin, ta karrama shi. A kan irin waɗannan tuddai ya yi wannan zirga-zirga, da keke mai nauyi, a kan hanyoyin da bam ya farfasa. Mutanen yankin ba su manta ba, kuma yana cikin abin da ya sa dattijo a bakin shagon shayi zai ga baƙo yana fama da hawa ya ɗaga murya ya ƙarfafa masa gwiwa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke tabbatar da ko ƙauye zai rayu. San Gimignano, mai hasumiyoyi 14 da suka rage daga cikin 72, tana cika da motocin safa na masu yawon buɗe ido tun da hantsi. Su sauka, su zaga awa biyu, su sayi askirim, su wuce. Ƙauyen da ke kilomita goma daga nan bai gan su ba. Mai keke ba shi da wannan zaɓi. Kilomita 50 zuwa 70 yake yi a yini, yunwa tana kama shi inda ta kama shi, dare yana riskarsa inda ya riske shi. Zai sayi burodi da cuku a shagon Murlo, ya sha kofi a Radi, ya kwana a gidan gona. A 1985 Italiya ta yi dokar da ta ba manoma damar saukar da baƙi da ciyar da su daga amfanin gonarsu, da sharaɗin noma ya ci gaba da zama babban aikinsu, kuma Toskana na cikin lardunan da suka fi yawan irin waɗannan masaukai. Tudun da ke rage wa matafiyi sauri shi ne ke sa kuɗinsa ya zuba a ƙananan wurare. Haka yake tun zamanin da masu ziyara ke bin hanyar Francigena zuwa Roma: Sigeric, babban limamin cocin Kantabari a Ingila, ya rubuta zangunan da ya yada a hanyarsa ta komawa gida a shekarar 990, kuma San Gimignano da Siena da San Quirico suna ciki. Garuruwan nan da ciyar da mai tafiya a hankali suka yi arziki.

Ban ce komai lafiya ba. Gidajen gona da yawa sun koma hannun attajirai 'yan waje, farashi ya fi ƙarfin matasan yankin. A Chianti da Montalcino gonakin inabi zalla sun maye gurbin tsohon noman gauraye. Akwai kuma kamfanonin da ke kawo baƙi da motar rakiya, su ɗauki kaya, su ɗauki abinci, su sauke su a manyan otal, ta yadda ƙauye ba ya ganin komai sai ƙurarsu. Wannan yawon keke ne a suna, amma a aljihun mai shago bai bambanta da motar safa ba.

Lokacin zuwa kuwa, daga Afrilu zuwa farkon Yuni ne, ko Satumba da Oktoba. A Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, kuma Crete Senesi ba ta da inuwa. Shagunan ƙauye suna rufewa daga ƙarfe ɗaya har wajen huɗu, don haka a yi guzuri da wuri. Yawancin garuruwa suna da famfon ruwan sha a dandali. Matafiyi Musulmi sai ya riƙa tambaya, domin naman alade yana shiga abinci da yawa, har cikin miyar da ake zaton ta ganye ce, kuma barasar inabi tana kan kowane teburi. Amma abin ci bai yi ƙaranci ba: burodin Toskana marar gishiri da man zaitun, wake, cukun tumaki, taliyar pici da tumatir da tafarnuwa, da panforte na Siena mai zuma da almon, wanda ke riƙe ciki a hawa. A Colle di Val d'Elsa, tsakanin San Gimignano da Siena, akwai masallaci da aka buɗe a 2013. Wanda kuma yake son ya gwada ƙafarsa kafin ya tunkari tudu, akwai hanyar keke mai kilomita 62 tsakanin Arezzo da Chiusi, a bakin magudanar da aka haƙa don busar da fadamar Chiana, shimfiɗaɗɗiya daga farko har ƙarshe, da Cortona da Montepulciano suna leƙowa daga sama.

Keke mai batir ya canja lissafin gaba ɗaya. A dokar Tarayyar Turai injinsa ba ya wuce wat 250, kuma yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Dole sai an taka feda. Wasu tsofaffin 'yan keke suna raina shi. Ni ban bi su ba. Mace mai shekara saba'in da ke iya hawa Pienza tare da jikokinta, ko mai ciwon gwiwa da ya fid da rai da sake hawa tudu, sun samu abin da ba wanda ke da ikon hana su. Damuwata ɗaya ce: idan batir ya sa mutum ya ninka tafiyar yini, ya wuce ƙauyuka uku bai tsaya ba, to ya rasa abin da ya zo nema, ƙauyukan ma sun rasa shi. Wanda ya yi amfani da shi don ya isa da sauran ƙarfin zaga gari da hira da mutane, ya yi daidai.

Abin da ya fi tudu da zafi da tsada tayar mini da hankali shi ne mota. Kusan masu keke 200 ke mutuwa a titunan Italiya kowace shekara. Michele Scarponi, wanda aka ba nasarar tseren zagaya Italiya na 2011, wata motar ɗaukar kaya ta buge shi har lahira a Afrilun 2017 yana atisaye a garinsu Filottrano, cikin tuddan lardin Marche. Davide Rebellin babbar mota ta kashe shi a Nuwamban 2022, makonni kaɗan bayan ya yi ritaya daga tsere. Idan ƙwararru irin waɗannan ba su tsira ba, baƙo mai jakunkuna a bayan keke sai ya yi hattara. Hanyoyin tudu ƙanana ne, masu kwana da yawa, ba su da gefe. Babbar hanyar Cassia da ta bi ta Siena zuwa Roma tana da manyan motoci, ita ma hanyar Chianti tana cika da babura masu gudu a ƙarshen mako. Mai hankali yana kauce musu ya bi ƙananan hanyoyin lardi da na tsakuwa, ko da za su ƙara masa hawa, ya sa hular kwano, ya kunna fitilar baya ko da rana.

A Disamban 2024 sabuwar dokar hanya ta Italiya ta fara aiki, ta ce direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke, amma ta ƙara da cewa inda yanayin hanya ya ba da dama. Ƙungiyoyin masu keke sun soki wannan ƙari, kuma ina tare da su, domin a kan siririyar hanyar tudu, inda yanayin bai ba da dama ba, a nan ne ake buge mutane. Abin da ya kamata dokar ta gaya wa direba a irin wannan wuri shi ne ya rage gudu ya bi bayan keken har hanya ta buɗe.